SUNA LINZAMI NE

Jawabin da aka karanta da sunan Kirista 'yan ƙungiya, a taron ƙarshen shekara na 'yan garinmu mazauna Yamai, a unguwar Bukoki

 Mun gode wa Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan shekara da rai da lafiya. Gidajen da aka yi rashi kuwa, Allah ya ba su haƙuri.

'Yan biro sun ba mu dama, mu Kirista na cikin wannan ƙungiya, mu yi magana a kan wani al'amari da ya dami kowa amma ba a son a faɗe shi a fili. Abu biyu sun faru bana. Na fari, lokacin da ake shawarar wanda za a ba riƙon asusu, an yi ta raɗa cewa wane ba ya riƙe kuɗin jama'a domin kakansa bawa ne. Na biyu, an ta da maganar aure tsakanin yara biyu na garinmu, har an kai goro, kana aka fasa domin an ce gidan yaron mahauta ne. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, ba kuwa shari'a muka zo yi ba. Amma tun daga lokacin gidaje huɗu sun daina zubi, kuma kun ga tabarmin da ba kowa a kansu yau.

Za mu yi magana bisa ga abin da addininmu ya koya mana, domin shi muka sani. 'Yan'uwanmu Musulmi, ku ne mafi yawa a nan, kuma mun tabbata malamanku suna da abin faɗi a kan wannan. Muna roƙon 'yan biro su ba su wuri a taro mai zuwa, mu ma mu zauna mu saurara.

1. Unguwar da muke zaune

Mu fara da inda muka shimfiɗa tabarmi. Sunan unguwar nan Bukoki, watau bukkoki. A shekarar 1926 ne Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kawo shi Yamai. Da suka zo shirya gari sai suka raba shi biyu, Turawa da ofisoshinsu a kan tudun Filato, baƙar fata kuma a ɗaya gefen kwarin Gunti Yena. Talakawan da suka riƙa zuwa cin rani daga baya, waɗanda ba su da fili ba su da kuɗin gini, su ne suka kafa bukkokin kara da zana a bayan gari, har wurin ya ci wannan suna. Haka kuma Lazare, nan kusa da mu, wurin da aka tara waɗanda fari da yunwa suka koro a 1973 da 1974.

Yau Bukoki ta zama tsakiyar gari, akwai ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har ta huɗu, ga kasuwar Katako a gefe, ga gidajen siminti. Bukkokin sun tafi, sunan ya zauna. To haka laƙabi yake. Abin da ya sa aka raɗa shi yakan wuce, shi kuwa ya maƙale kamar ƙaska. Sunan unguwa ba ya cutar kowa, har ma muna alfahari da shi. Amma idan a kan mutum aka liƙa irin wannan suna, shi da jikokinsa, ciwo ne wanda ba a gani. Magabata sun ce suna linzami ne. Da linzami ake juya doki inda ake so, kuma da shi ake tsai da shi.

2. Sunayen da ake liƙa wa mutane

Bari mu jera su, ko da ba su da daɗin ji.

Akwai na asali: wannan ɗa ne, wancan bawa ne ko dimajo. Jama'a, mu tuna yadda aka yi mutum ya zama bawa. Yaƙi ne ya ci garinsu, ko yunwa ta sa aka sayar da shi, ko aka sace shi yana yaro a bakin gona. Wanne ne laifinsa a ciki? Ƙasarmu ta Gobir ta sha yaƙi shekara da shekaru. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watse, sai wajen 1836 aka kafa Tsibiri. A irin wannan zamani, tsakanin wanda ya tsira da wanda aka kama ba wani abu sai saurin ƙafa da ƙarar kwana. Faransawa sun yi dokar hana bauta a ƙasashen nan a 1905. Nijar ta yi tata doka a 2003, wadda ta yanka ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai riƙe da bawa. Ran 27 ga Oktoba 2008, a nan Yamai, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana 'yar shekara 12 a kan kuɗi jaka 240. Kotu ta ce hukuma ta kasa kare ta, ta sa a biya ta diyyar miliyan 10. Doka ta kwance igiya daga ƙafa. Wadda ta rage ita ce ta bakin mutane, ita kuwa alƙali ba ya iya kwance ta.

Akwai na sana'a: mahauci, maƙeri, majemi, maroƙi. Ba suna, ba biki, ba Kirsimati, ba Salla da za a yi ba mahauci. Ba gonar da za a nome ba hauyar maƙeri. Muna cin hannunsu kowace rana, amma idan ɗansu ya zo neman aure sai a ce a duba asali.

Akwai na ciwo: kuturu. Mu mutanen Maraɗi mun san asibitin Danja da mishan ta buɗe a 1956. Tun 1981 aka samu haɗin maganin da ke warkar da kuturta cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ko'ina a duniya. Wanda ya fara shan magani ba ya sa wa kowa. Duk da haka mutum ya warke shekara talatin, ana ce wa 'yarsa ɗiyar kuturu.

Akwai na addini: arne, kafiri, ɗan mishan. Wannan mu muka fi kowa sanin zafinsa, gama da shi ake kiran yaranmu a lakkwal da bakin famfo. Sai dai kuma a cikin gidajen Kirista ma akwai sunayen da ake kiran Musulmi da su a bayan idonsu, ba su fi waɗancan kyau ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai kuma na birni: baƙauye, baƙo, jahili. Wanda ya yi shekara biyar a Yamai ya riga ya fara yi wa mai zuwa jiya dariya.

3. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

An hana mu dogon wa'azi, saboda haka za mu tsaya a kan wurare kaɗan.

Sura ta fari ta littafin Farawa ta nuna mutum, namiji da mace, an halicce shi cikin kamannin Allah. Ba a halicci sarki ranar Litinin ba, bawa ranar Talata. Asali ɗaya ne. Wanda ya ce zai bi asali, to ya bi shi har ƙarshensa, can zai tarar da kansa da wanda yake rainawa a ɗaki guda.

Sa'an nan mu dubi Yesu Almasihu kansa. Mutanen garinsu sun raina shi da sana'ar gidansu, sassaƙa. Wasu kuma sun raina shi da garinsu, Nazarat, ƙauye ne a idonsu. Matiyu ya fara Linjilarsa da jerin kakanninsa, bai ɓoye Rahab ta Yariko ba, bai ɓoye Rut ba, baƙuwa ce daga Mowab. Da a ce wasu dattawanmu aka aika binciken asalin wannan gida, da sun komo da goron. A Markus sura 1 kuturu ya zo wurinsa. Shari'ar wancan zamani ta ware kuturu daga jama'a, kuma Yesu yana da ikon warkar da shi daga nesa, amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. A Yahaya sura 4 ya roƙi ruwan sha wurin mace Basamariya, alhali Yahudawa da Samariyawa ba su shan ruwa a ƙwarya ɗaya.

Ikilisiyar farko ma ba ta tsira daga wannan ciwo ba, kuma labarinta ya yi kama da namu ƙwarai. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi gunaguni a Urushalima a kan rabon abinci. Masu jin Helenanci sun ce ana tsallake gwaurayensu, ana ba na masu jin Ibrananci. Watau rikicin asusu ne. Manzanni ba su ce a yi shiru kada a ji kunya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma idan kun duba sunayensu, Istifanas da Filibus da sauran, duka bakwai sunayen Helenanci ne. Ɓangaren da ya yi kuka, shi aka danƙa wa makullin rumbu. Abin da aka nema ga mutanen nan shi ne shaidar kirki da hikima da Ruhun Allah. Ba a tambayi kakan kowa ba.

Bitrus ya sauka kwana da kwanaki a Yafa a gidan wani Saminu, majemi. Daga wannan gida aka kira shi zuwa wurin Karniliyas, sojan Roma, ya shiga gidansa ya yi masa baftisma. Amma Bitrus ɗin nan, da ya je Antakiya, yana cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, sai wasu suka zo daga Urushalima, ya ji tsoron bakinsu ya janye akushinsa. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a, labarin yana cikin Galatiyawa sura 2. Mu lura da kyau. Bitrus ba ƙin mutanen ya yi ba, tsoron abin da 'yan gida za su ce ya ji. Mafi yawan auren da ake fasawa a cikinmu haka ne. Uban yarinya ya san yaron, ya yarda da halinsa, amma yana tunanin abin da za a faɗa a gida idan labari ya kai.

A sura ta 3 ta wannan wasiƙa Bulus ya ɗauki katangu uku mafi tsawo na zamaninsa, ta ƙabila, ta bauta, da ta tsakanin maza da mata, ya nuna ba ɗayansu da ke ba mutum fifiko a gaban Almasihu. Bai bar maganar a takarda ba. Unisimas bawa ne da ya gudu daga gidan Filimon. Bulus ya mai da shi da wasiƙa a hannu, yana roƙon maigidan ya karɓe shi kamar ɗan'uwa, ya ce in akwai bashi a kansa shi zai biya. Yaƙub kuma, a sura ta 2, ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujera, su bar mai tsumma a tsaye. Ya kira wannan zunubi, bai kira shi al'ada ba.

4. Abin da idonmu ya gani

Bishara ta hannun mishan ɗin SIM ta iso Damagaram a 1924, 'yan shekaru kaɗan bayan haka ta iso Tsibiri, asibitin Galmi kuma aka buɗe shi a 1950. Su wane ne suka fara karɓa? Akwai 'ya'yan manya a cikinsu, amma da yawa marasa lafiya ne, da marayu, da baƙi, da waɗanda gari bai ba su wurin zama ba. Abin da ya jawo su shi ne sun sami inda ake kiransu ɗan'uwa. Kirista da ya tashi yau yana tonon asalin wani, gadon nan ne yake zubarwa.

Bisa ga ƙidayar 2012, Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Da wannan ƙarancin ma, ikilisiyar EERN wadda ta fito daga aikin mishan a farkon mulkin kai ta rabu gida uku wajen 1990, kuma 'yan-garanci yana cikin abin da ya kawo rabuwar. Dattawan da ke zaune a nan sun san shekarun da aka yi kafin wasu su sāke gaisawa.

Sai ran 16 da 17 ga Janairu 2015. Saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, tarzoma ta tashi a Damagaram ran Jumma'a, ta iso Yamai ran Asabar. Mutum 10 suka mutu. 'Yan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai, har da nan Bukoki. Ba mu muka yi zanen ba, ba mu taɓa ganin jaridar ba. An dai haɗa mu da Turawa a ƙarƙashin suna ɗaya, sunan kuwa ya isa. Masu wuta ba su tambayi wannan ta Katolika ce ko ta Baftis ko ta EERN ba. Ranar nan rarrabuwarmu ba ta tsirar da ko benci ɗaya ba.

Amma akwai abu na biyu da ba za mu manta ba har abada. A ranar nan maƙwabta Musulmi ne suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye iyalan Kirista, wasu suka tsaya a bakin gida suka ce ba mai shiga. Me ya bambanta su da masu jifa? Su sun san mu da sunanmu na yanka. Sun ci tuwon sunan 'ya'yanmu, mun raka gawar iyayensu. Mai jifa laƙabi yake gani, maƙwabci kuwa mutum. Bayan haka shugabannin ikilisiyoyi suka fito suka ce sun gafarta, ba ramuwa. Wanda ya iya gafarta wa wanda ya ƙone masa ɗakin sujada, yaya zai kasa zama tabarma ɗaya da ɗan garinsu saboda kakansa?

Kada kuwa wani ya ce sunan Kirista kaɗai ya isa maganin wannan. Ƙasar Ruwanda mafi yawan mutanenta Kirista ne. An rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida, Hutu ko Tutsi. A 1994, cikin kwana 100, an kashe mutum wajen 800,000, da yawansu a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka. Baftismar da ba ta kai ga harshe da zuciya ba, wanka ne kawai.

5. Amsa ga masu cewa al'ada ce

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma da ladabi muke amsawa. Za a ce ba a aure sai da bincike. Gaskiya ne, a bincika. A tambaya ko yaron yana da sana'a, ko mashayi ne, ko yana ganin girman uwarsa, ko gidansu ana dukan mata. Wannan binciken hali ne, kuma hakkin iyaye ne. Amma abin da ya sami kakan kakansa a zamanin yaƙi ba ya gaya mana kome a kan yadda zai riƙe 'yarmu.

Za a ce kuma ai wasa ne, mun saba kiran juna bawa. I, akwai wasan taubasai. Bagobiri da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, kowa yana ce wa ɗaya bawana, a yi dariya a rabu. Wannan gado ne mai kyau, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Ga yadda za a gane bambanci. A wasan taubasai kowa yana da bakin ramawa, kuma bayan wasan ana ba juna aure. Inda ɗaya ke dariya, ɗaya ya sunkuyar da kai, ba wasa ba ne. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ba kuwa cewa muke a shafe ƙabila ko sana'a ko addini ba. Bagobiri ya zauna Bagobiri da zanensa, mahauci ya riƙe wuƙarsa, Musulmi ya je masallaci, Kirista ya je majami'a. Abin da muke ƙi shi ne a mai da waɗannan tsani, wani a sama wani a ƙasa.

6. Abin da muke roƙon taro

Domin kada magana ta tsaya a baki, ga shawara biyar da muke sa wa gaban 'yan biro.

Na ɗaya, a rubuta cikin dokar ƙungiya cewa duk ɗan garinmu mai biyan zubinsa yana da ikon tsayawa kowane muƙami, har da riƙon asusu. Abin dubawa shi ne amana da iya lissafi.

Na biyu, taimakon ciwo, da na rasuwa, da kuɗin motar kai gawa gida, su zama ɗaya ga kowa, a kuma karanta lissafinsu a kowane taro domin kada zato ya sami wurin shiga.

Na uku, wanda ya kira ɗan'uwansa da sunan ƙasƙanci a cikin taro, dattawa biyu su same shi a gida tukuna. In ya sāke, ya nemi gafara a gaban waɗanda suka ji.

Na huɗu, a naɗa dattawa huɗu, Musulmi biyu Kirista biyu, da mace a cikinsu, su taka zuwa gidaje huɗun da suka daina zuwa kafin ƙarshen wata mai kamawa. Kada a aika saƙo ta waya. Zumunta a ƙafa take.

Na biyar, wannan namu ne mu Kirista. Muna roƙon Zumuntar Mata da shugabannin matasa su ɗauki wannan magana cikin karatunsu, gama a bakin murhu yaro ke fara jin wane ɗa ne wane bawa, kuma a nan ne za a iya kashe maganar. A Kirsimati kuma, kwanon da za a fara fitarwa ya tafi gidan da aka daɗe ba a kai ba.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu, waɗanda suka kafa unguwar nan sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar ɗora ta ana kiran duk wanda ke kusa, ba a tambayar ɗan gidan wane ne. Mu kaɗan ne a garin mutane, ga haya, ga tsadar hatsi, ga yaranmu da ba su san hanyar gida ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In mun faɗi abin da ya yi wa wani zafi, ya ɗauke shi maganar ɗaki ɗaya. Allah ya haɗa kanmu, ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da baƙinmu gida lafiya. Amin.